Inno Ba Ta Taka Shukar Mutane

Laraba, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Inno ta samu barci. Na gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi, na cire mata ƙayoyi, ta ci tuwo loma kaɗan. Ba ta tuna komai ba, ko kuma ta tuna ba ta son faɗa. Da Inno yanzu ba a ganewa.

Ba zan rubuta yadda muka kwana ranar Litinin ba. Iyakar abin da zan rubuta shi ne, mahaifiyata ta fita da hantsi da ƙwaryar fura a ka ina banɗaki, ba a gan ta ba sai wayewar garin Talata. Masu buga bulo ne suka tsince ta a sabuwar unguwa, zaune a bakin ramin da suke ɗibar ruwa. A baki suka ce. Na sake tambaya, suka ce a baki.

Yaya Muntaka ya zo daga birni jiya, ko zama bai yi ba ya hau ni. "Sadiya, ke kaɗai ce a gidan nan, aikinki ɗaya, shi ma ya gagare ki. Uwarmu tana yawo a titi kamar wadda ba ta haifa ba!" Ya ce yana gyara mata ɗaki a gidansa, kafin in koma koyarwa a makaranta zai zo ya ɗauke ta. Na ce Yaya, tun da aka kawo Inno gidan nan tana amarya ba ta taɓa kwana bakwai a wani wuri ba, in ka fitar da ita ka gama da ita. Ya ce, "To ki riƙe ta. Amma in ta sake ɓata ko sau ɗaya, ba sai an jira fenti ya bushe ba."

Tun da mijina ya rasu na dawo gidan nan nake wanke ta, nake ba ta abinci a baki. Shi yana aiko da nama ranar Juma'a. Allah ya ba shi lada.

Alhamis, 7 ga Agusta, da azahar

Na sa sakata a ƙofar zaure, na ɗaure da waya.

Hantsi na yi ta dama fura da hannunta, ta rufe da faifai, ta naɗa gammo. Sunana takan manta, amma gwargwadon nono da yawan ruwa ba ta taɓa kuskurewa. Ta je zaure ta tsaya. Ta ce, "Yarinya, buɗe. Malam yana gona tun asuba, ba kya tausayinsa?"

Baba Malam Isyaku ya daɗe a ƙasa. Na faɗa mata a bara, ta yi kuka kamar ranar aka yi, washegari ta manta, na sake faɗa, ta sake yi. Na daina.

Ta yi ta buga ƙofar da ludayi har ludayin ya fashe. Sai ta zauna a ƙasa da ƙwaryar a cinya, ba ta yi kuka ba, kallona kawai take. Na ji kunyar kaina. Gobe zan buɗe mata in bi bayanta.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan la'asar

Na bi ta. Bari in rubuta dalla-dalla.

Daga bayan gidanmu zuwa inda ido ya tsaya, da gonaki ne. Unguwar Bacirawa ta yi ta matsowa har ta cim mana, 'yan awo suka yanka ko'ina fuloti fuloti, suka fitar da layuka miƙaƙƙu masu kama da juna, ko suna ba su da shi. Layi na ɗaya, layi na biyu, layin mai shayi. Wasu sun gina sun tare, wasu kango, wasu fandisho kawai aka tona ruwa ya cika.

Inno ba ta bin layi. Ta fita ta bayan gida ta yanke a karkace, ta ratsa ta cikin wani kango, ta shiga ta inda za a sa ƙofa ta fita ta inda za a sa taga, ta zagaya tulin yashi, ta tsallaka layi na biyu da sauri tana ɗage zane. Na kamo hannunta na ce Inno ga hanya nan shimfiɗaɗɗiya, mu bi. Ta doke min hannu.

"Ke wa ya rene ki? Da damina za ki taka gyaɗar Malam Zaharaddini? Bi burtali!"

Na dubi ƙasa. Jar ƙasa ce da sawun tifa da ledojin ruwa. Sai a lokacin na gane. Tsohon burtalin shanu take bi, wanda aguwa ta yi wa shinge hagu da dama, wanda muke bi muna yara mu kai wa Baba fura. Babu aguwa ko ɗaya yanzu, amma ƙafarta ba ta kauce ba. Inda burtalin ya yi kwana, ta yi kwana. Tana tafe tana gaisuwa: "Sannunku da aiki! Ya ruwa?" Wani lebura ya amsa mata da "Ruwa ya yi gyara, Inna," ta ji daɗi.

Muka isa tsohon gawon nan da Baba ke hutawa a gindinsa. Shi kaɗai aka bari, yanzu a ƙofar wani gida mai shuɗin get yake. Gonarmu ke nan. Maganar gonar ba zan rubuta ta ba, ni da Yaya Muntaka mun yi ta ta ishe mu, kuma Inno ba ta sani ba.

Ta sauke ƙwaryar a gindin gawon ta zauna. Can sai ta ce, "Yana can ƙarshen kunya, kada a kira shi." Ta huta, ta tashi, muka dawo ta inda muka zo, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da azahar

Mun je, mun dawo. Ta ci abinci sosai.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan magariba

Matar gidan mai shuɗin get ta leƙo yau. Nazira sunanta, yarinya ce da goyo, daga birni suka taso, mijinta yana kai shanu kudu. Ta ce ta daɗe tana ganin ƙwarya a gindin bishiyar, har ta tsorata ta ɗauka wani abin aka ajiye musu. Na ja ta gefe na yi mata bayani. Sai ta durƙusa ta gaida Inno, ta ɗauki ƙwaryar ta shiga ciki. Jim kaɗan ta fito da ita a wanke ta ce, "Inna, Malam ya sha, ya ce a yi miki sannu."

Inno ta yi murmushi ta ce, "Ya shanye duka? To yau yunwa ta ci shi."

Ban san hukuncin wannan ba a wurin Allah. Na san dai rabon da in ga haƙoran Inno tun kafin azumi.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Na zauna rubuta darussan zangon da za a shiga, don shugaban makaranta ba ya karɓar uzurin tsohuwa. A littafin Turancin 'yan aji huɗu akwai darasi a kan kalmar street. An ce hanya ce ta cikin gari mai gidaje hagu da dama. An ce akan kira mutanen da ke zaune a kanta da sunan, kamar yadda muke cewa duk layi ya fito kallo. A ƙasa kuma an ce in mutum ba shi da wurin kwana ba shi da kowa, a kanta ake cewa yake. Nan na ajiye biro, don maganar Yaya Muntaka ce ta dawo min.

Na tambayi Inno, don in ji me za ta ce, mene ne titi. Tana tsince wake ta ce, "Wanda ya tafi Bici? Na mota ne wannan. Mutum ba ya bin sa sai da dalili."

Yaran da zan koya wa darasin nan rabinsu a layi aka haife su. In na ce musu burtali, sai na zana a allo.

Juma'a, 15 ga Agusta, da azahar

Yaya Muntaka ya aiko da nama da saƙo: an sa tayil a ɗakin. Na ce a gaya masa Inno lafiya lau, ko ƙofar gida ba ta ɓata ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan la'asar

A hanyar dawowa na tsaya wurin masu buga bulo na yi musu godiyar da ban samu yi ba. Babbansu ya ce, "Malama, ai tsohuwar nan ba ɓata ta yi ba." Wai ranar da ta ɓata tifa ce ta juye dutse ta toshe ɗan tsakanin da take bi, ga ramin ruwa a gefe. Da suka same ta da safe suka ce Inna me kike yi a nan, ta ce an tare hanya, tana jira a buɗe. Ga layi a buɗe taku kaɗan daga inda ta zauna, ta kwana a cikin sauro ba ta taka shi ba.

Ban ji daɗin wannan labarin ba. Na ƙirga a raina wuraren da muke ratsawa, duk na mutane ne, kuma kowa ya sayi bulo.

Talata, 19 ga Agusta, bayan magariba

An fara ɗora katanga a babban fulotin da ke bayan layi na biyu, wanda burtalin ya ratsa ta tsakiyarsa. Hagunsa gida ne, damansa gida ne. Yau bulo biyu ne, na ɗaga mata ƙafa ta tsallaka, tana mita wai yaran yanzu ba su da aiki sai jibga ƙasa a hanya.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Na sami mai wurin, Alhaji Kamaruddeen, yana zaune a mota yana lissafi da magini. Na shirya masa baƙar magana tun daga gida, sai na tarar da mutum mai kunya. Ya fito ya gaida Inno har ƙasa. Ya ce shi ma tasa uwar ta yi rikicin tsufa kafin ta rasu, ya san abin.

Ya ce, "Malama, wallahi ba don ɓarayi ba da na bar miki. Rodi suke ɗauka, siminti suke ɗauka, ran nan har ƙofar ƙarfe. Amma zan sa a bar ɗan tsakani gaba da baya zuwa ƙarshen wata. Ranar da aka kawo kayan rufi dole in toshe."

Na yi godiya. Me zan ce? Da kuɗinsa ya saya.

Asabar, 23 ga Agusta, da azahar

Mun je, mun dawo. Nazira ta ba ta goro.

Litinin, 25 ga Agusta, da azahar

Mun je, mun dawo. Katanga ta wuce kaina. Inno tana shiga tsakanin a karkace, hannu ɗaya a kan ƙwarya.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan magariba

Ba na barci sosai. Ba zan rubuta abin da nake tunani ba.

Yau da tana taje kai ta kira ni Halimatu, cikakken sunan da ita kaɗai ke kira na da shi. Na juyo da sauri, sai ta ce in miƙo mata man. Shi ke nan.

Talata, 2 ga Satumba, bayan la'asar

An toshe.

Alhajin bai yi ƙarya ba, har kwana biyu ya ƙara. Muka iso, bulo sabo, simintin bai gama bushewa ba. Inno ta tsaya. Ta shafa katangar da tafin hannu daga nan zuwa can. Na ce Inno mu zagaya ta layi, yau kaɗai, masu gonar sun yafe. Ta ce, "Kin tambaye su?" Na ce na tambaya. Ta dube ni ta ce, "Ƙarya ba kyau, yarinya."

Sai ta juya. Na ɗauka gida za mu, ashe ƙofar Dagaci ta nufa, ta tsohuwar hanyar cikin gari wadda ba a taɓa ba. Yana zaune a zaure da mutane, har da dillalan fili biyu da na sani. Inno ta sauke ƙwarya, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa. Mahaifinsa take gani, wanda ya rasu ina 'yar firamare.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. An tare burtali. Ga damina, shanu ta ina za su bi? In suka faɗa gonar mutane a ce Fulani sun yi ɓarna, alhali ba laifinsu ba ne. Mu ma masu kai abinci an hana mu. A bincika ko wane ne, a sa ya buɗe."

Muryarta ras, babu rawa, kamar Innon da na sani tana raba faɗan mata a gidan biki. Duk takardar fulotin da aka yanka a bayan garin nan da hatiminsa a jiki. Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, ya ce, "An ji, Inna. Za a duba."

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka." Ta ɗauki furarta muka dawo. A hanya ta ce min mutumin kirki ne, gobe za a buɗe.

Laraba, 3 ga Satumba, da azahar

Ba a buɗe ba. Mun tsaya a gindin katangar har rana ta take.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan la'asar

Mun tsaya. Ruwa ya sauko, ta ƙi tafiya, na rufe ta da mayafina. Yanzu tana tari.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan magariba

Dabara na yi, ta kwaɓe. Na kira mai adaidaita na ce ya zagaya da mu ta layi zuwa gawon. Na ce mata ai ba ƙafarmu ce za ta taka ba. Ta shiga don ta ga na haɗe rai.

Tun da muka hau layi na ɗaya ta rufe fuska da gefen zane. Tana ta cewa, "Ku yafe mana, bayin Allah. Malam Zaharaddini ka yafe, ba da sanina ba. Wayyo dawar mutane." Mai adaidaitan ya rage gudu yana waiwaye, ya ce, "Hajiya ko in tsaya?" Na ce wuce.

Da muka sauka, Nazira ta fito da murna ta miƙo hannu za ta karɓi ƙwaryar. Inno ta ƙanƙame ta. Ta dubi gawon ta dubi get ɗin ta ce, "Nan ina ne? Ba nan ba ne." Ta gabas muka ɓullo masa, ita kuwa duk rayuwarta ta yamma take zuwa. Nazira ta koma ciki tana share ido. Furar a gida na zubar wa kaji.

Ba zan sake yi mata haka ba.

Litinin, 8 ga Satumba, bayan la'asar

An kira taron malamai, dole na je. Na bar ta da maƙwabciyarmu Zulaihatu, na ce ido a kanta. Zulaihatu ta shiga sauke tukunya.

A gindin katangar aka same ta. Ta jawo bulo uku ta ɗora, ta hau da ƙwarya a ka, ta faɗo. Goshi ne da gwiwa, mai kemis ya ce ba karaya. Da nake wanke mata jinin ta ce kada in gaya wa Malam, zai yi faɗa ya ce ta cika gaggawa.

Ba ɓata ta yi ba. In na so, zan iya cewa sharaɗin Yaya bai cika ba. Ranar Litinin mai zuwa ake komawa makaranta, kuma bulo ba ya ƙarewa a unguwar nan.

Talata, 9 ga Satumba, da hantsi

Na kira Yaya Muntaka.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Sun tafi.

Na zaci zai yi min gori, bai yi ba. Da ya ga filastar goshinta sai ya juya baya ya daɗe yana kallon rumbu. Shi ya durƙusa ya sa mata takalmi da hannunsa. Ta ce masa, "Bawan Allah, kana kama da ɗana." Ya ce, "Haka ake faɗa, Inna."

Na haɗa mata kaya: zannuwa, carbi, buta, ƙwaryar da faifanta. Ta tambaya ina za a. Na ce asibiti, a duba goshin. Ta ce to a yi sauri a dawo kafin hantsi.

Na roƙe shi abu ɗaya, kada ya bi da ita ta sabuwar unguwa ko da ta fi kusa, ya bi ta cikin gari ya hau babban titi. Bai tambaye ni dalili ba, ya ce to.

Lahadi, 14 ga Satumba, da azahar

Gidan ya yi girma. Na share ɗakinta, na sake sharewa.

Laraba, 17 ga Satumba, bayan la'asar

Na kira Anti Maijidda, matar Yaya, da na taso daga makaranta. Muryarta cike da murna, kuma na san har zuciyarta ne, don tana ƙaunar Inno.

Ta ce, "Sadiya, ki kwantar da hankalinki. Wallahi ba ta ba mu wahala ko kaɗan. Duk abin da kika tsorata mu da shi ba mu gani ba. Get a buɗe yake wuni, yara na shiga suna fita, ko kallonsa ba ta yi. Inda na zaunar da ita da safe, nan zan same ta da la'asar."

Na ce tana cin abinci? Ta ce kaɗan kaɗan, sai an matsa. Na ce da hantsi fa, ba ta neman komai?

Ta ce, "Ai na tuna abin da kika faɗa min. Jiya na sayo fura da nono na kai mata har da ƙwaryarta, na ce Inna ga shi ki dama wa Malam. Ta duba ta daɗe, sai ta turo min. Ta ce in daina wahalar da kaina, babu ta inda za a bi a kai masa. Kin ga ai sauƙi ya fara samuwa, ko?"

Tana jira in ce alhamdulillahi. Na ce.